Ƙwallon da Kawu Ya Hana Ni

Duk lokacin da na shaƙi ƙanshin laka tana bushewa bayan ruwa ya janye daga fadama, sai na tuna filinmu na bayan Haɗeja. Da an yanke shinkafa mukan kwashe karan, mu kafa sanduna huɗu, shi ke nan fili ya samu. Ƙasar duk ta dare, tana yankar tafin ƙafa, amma wa ya damu?

A shekarar da nake ba ka labari, mai unguwa ya sayo sabuwar ƙwallon fata, ya ce ta wanda ya yi nasara ce tsakaninmu da yaran tsallaken kogi. Tamu kuwa duk faci ce. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi aka ba usur. Masunci ne, amma rediyo ba ta barin kunnensa, ya fi malamanmu sanin dokar wasa. Yayana ne gola, ni ina gaba.

Su suka fara cin mu. Can sai ƙwallo ta fita ta bayan sandunanmu. Yaya ya ajiye ta a ƙasa ya narka mata ƙafa, ta wuce kowa, ta same ni ni kaɗai a bayan masu tsaron bayansu. Na zura. Suka yi caa: "Satar gida!"

Kawu ya girgiza kai. "Ƙwallon da ta fita, gola ya ajiye ya buga, babu satar gida a cikinta. Ta ciwu."

Saura kaɗan a tashi, yaya ya cafe wata ƙwallo, ya sake ta daga hannu ya buga. Ina tsaye daidai wurin ɗazu. Na sake zurawa, ina gudu ina ihu, sai na ji usur.

"Kawu, ai irin ta ɗazu ce!"

"Ba irinta ba ce. Wannan daga hannu ta fito, wasa na gudana. Ka yi satar gida."

Kafin mu dawo hayyacinmu sun ƙara mana ɗaya. Ina kallo suka shiga kwalekwale da sabuwar ƙwallon, hawaye na zuba. Kwana uku ban gai da Kawu ba. Ran na huɗu ya kawo wa mahaifiyata tarwaɗa, ya tarar da ni a zaure na juya masa baya.

"Da na bar maka ita," in ji shi, "wa zai sake yarda ya tsallako kogi ya buga da ku?"

Ran Juma'a kuwa sai ga yaran tsallake da ƙwallon. Da ita muka buga har saukar damina.

Yanzu filin ya zama gonar barkono, injin ban ruwa na ta ƙugi. Yara a gidan kallo suke ganin wasa, na'ura ke ja musu layin satar gida. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma har yau gardamar ƙwallo gabansa ake kai ta. Kwanan baya 'ya'yana suka tambaye shi ko akwai satar gida a bugun gola. Ya yi dariya har da tari.

"Ku tambayi babanku. Da kuka ya koye ta."