Kwarkwaron Hannun Hagu

Ajinmu ɗaya da Hayasaka Tsuneo a firamare, kuma tun a lokacin shi ba mai yawan magana ba ne. Ni na gaji shagon kayan fatsa na mahaifina a bakin tafki, shi kuwa ya zama direban bas, yana hawa da sauka tsakanin garinmu da ƙauyukan kan dutse. Haka ya yi ta tuƙi har kansa ya yi furfura, har fasinjojin suka ƙare, matasa sun koma birni, tsofaffi sun mutu. Da kamfanin ya soke hanyar, sai ya ajiye hular aiki ya dawo gida.

Matarsa Michie mai dafa abinci ce a makarantar garin. Ita ce mai bakin gidan, ita ce kuma mai fatsa. In sanyi ya kankama, tafki ya daskare, za ka gan ta ta huda ƙanƙara, ta kafa ɗan tanti a kan ramin, tana ta ciro wakasagi, 'yan kifin nan da ba su wuce tsawon yatsa ba. Kwarkwaronta na naɗe zare na katako ne, da hannu take juya shi. Aikin Tsuneo ɗaukar kaya da zuba shayi. Da yamma ta tsoma kifin a ƙullun fulawa ta soya, ta aiko mana da namu.

Bai daɗe da barin aiki ba ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. 'Yarsu guda ɗaya tana aure a birnin Sendai da nata yaran, ta zo ta yi kuka ta koma. Daga nan komai ya dawo kan Tsuneo: wanka, banɗaki, juya ta a shimfiɗa, girki, kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Aka ce ya kai ta gidan kula da tsofaffi da ke garin gaba, ya ce muddin yana numfashi ba za a yi haka ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi, wata ma ta bi. Bayansa ya ranƙwafe. In ka gamu da shi a kanti sai ka tarar ya tsaya gaban kaya ya manta abin da ya kawo shi.

Wata safiya ya shigo shagona, ya karkaɗe takalmi, ya zauna kusa da risho.

"Kanji," ya ce da ni, "wai fatsa take so."

"Wa?"

"Wa kuwa? Uwar rigima. Ta dame ni da nuna taga."

"Da wane hannun za ta yi?"

"Abin da ya kawo ni ke nan. In na sani zan zo in kalli munin fuskarka?"

Na ɗauko masa kwarkwaro na batir, wanda bai fi sabulun wanka girma ba. Ana danna shi da babban yatsa, ya naɗe zaren da kansa. Tsuneo ya jujjuya shi ya taɓe baki.

"Ita da take cewa wannan na malalata ne da 'yan birni."

"Lokacin tana da hannu biyu," na ce.

Na fito masa da kala-kala ya gwada. Na farkon madanninsa na gefen da bai dace da bahago ba, na biyu ya yi nauyi. Na uku ya riƙe da hagu, ya saki hannun damansa ya yi lilo kamar nata, ya danna, ya saurari ƙarar. Ya ce wannan ya yi.

Sai batun zare. Na nuna masa mafi siriri, wanda ko kifi shinshina tsutsa ya yi za ka ga bakin sandar fatsar ya motsa. Ya ɗaga shi wajen taga, ya ƙanƙance ido.

"Ina zaren yake?"

"Yana hannunka. Kuma in ya sarƙe kai za ka warware, da wannan yatsun naka."

Muka koma kan mai ɗan kauri, ruwan lemo, wanda ake gani ko daga nesa. Ya ce kifi zai gani ya gudu. Na ce ya gudu mana, shi ɗin kifi ya zo nema? Na juya ina naɗa masa zaren a kwarkwaro, kafin in gama na ji numfashinsa ya sauya. Barci ya kwashe shi a zaune, hular sanyi a cinya.

Ranar da iska ta kwanta na rufe shago na bi su. Keken guragu ba ya tafiya a ƙanƙara, don haka muka naɗe Michie a barguna, muka ɗora ta a kwandon robar da ake jan kaya da shi. Muna ja muna tsayawa muna haki, tsofaffi biyu, ita kuma tana mana tsaki. Na huda rami, Tsuneo ya kafa tanti, ya kunna risho, ya sa tsutsa a ƙugiyoyi, ya damƙa mata kwarkwaron. Ta dube shi a wulaƙance, sannan ta karɓa.

Kifin farko ya kuɓuce. Na biyu ta danna a kan kari, zaren ya taho da guda biyu suna walƙiya. Na cire mata. Na juya zan yi wa Tsuneo magana, sai na ga ya jingina da akwatin kaya, baki buɗe. Na miƙa hannu zan taɓa shi, ta buge min hannu da sanda.

"Ƙyale shi," ta ce. Maganarta a hankali take fitowa, sai ka kasa kunne sosai. "Ba kifi na zo kamawa ba, Kanji. Kai nake nema. A gida ba ya barina da kowa."

Na matso kusa da ita.

"Gidan tsofaffin nan. Ina so in tafi. Na faɗa masa, ya ce bai gane abin da nake cewa ba. Ya gane sarai." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Rannan ya faɗi da ni a banɗaki. Muka zauna a ƙasa mu biyu, ba mai iya ɗaga wani. Na gaji da ganinsa haka. Kai ka faɗa masa."

"Me ya sa ni?"

"Kai ba ka da kunya," ta ce, ta sake jefa zaren.

Ban faɗa masa ranar ba. Sai da ƙanƙara ta fara narkewa na same shi yana shanya zannuwan gado a bayan gida, na faɗa masa yadda ta faɗa min, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya ci gaba da shanyarsa. Can ya ce in fita masa daga gida, na fita.

Da itatuwa suka fara fure aka zo da mota aka ɗauke ta. 'Yarsu ce ta zo ta shirya komai. Tsuneo ya yi watanni ko gaisuwata ba ya amsawa, in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Da lokacin kaka ya shigo matata ta kai masa miya, ya dawo da tukunyar da kansa, ya tsaya a ƙofar shago ya ce gishiri ya yi yawa. Daga nan muka ci gaba da zumuncinmu.

Yanzu kullum bayan cin abincin rana yana zuwa wurin Michie. Ma'aikatan gidan sun ce faɗa suke yi a kan tashar talabijin da za a kalla. Ya ɗan yi ƙiba, amma ya ce min tun da ya sami lokacin barci, barcin ya daina zuwa. Likita ya ba shi magani, ya ce ya riƙa tattaki da safe. Yakan fita, ya kai bakin gada, ya zauna ya huta, sannan ya juyo.