Balamin Ajuma

Yayata Ajuma ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ba ta da gona, ba ta da zinari. Abin da Inna ta bar mata tumaki ne 'yan balami, farare tas, masu dogon kunne, da rago guda. Da su ta tafi gidan aure a Sukukutane, da su ta rufa wa 'ya'yanta asiri. Ita za ta kwana da yunwa, su dai su samu harawa.

Sai mijinta Ɗahiru, sarkin sani, ya ja ragon ya kai kasuwar Dogon Dutsi ana gobe Layya, ita tana rijiya. Da ta yi kuka, ya ce, "Rago ai rago ne. Na gari ma barbara yake. Jinin uwa rabi ne, kuma rabi ba ya ƙarewa."

Ji mini zancen banza! Ni nake koyar da lissafi a kwaleji, kullum da wannan kuskure nake faɗa da yara. Na same shi ƙofar gida, na tsuguna na zana masa a ƙasa. Na ce, "Yaya Ɗahiru, 'yar fari rabi ce. 'Yarta rabin rabi, ɗaya bisa huɗu. Jikarta rabi sau rabi sau rabi, ɗaya bisa takwas. Lambar ƙasa ce take ninkuwa, ta sama tana nan ɗayarta."

Ya sa takalmi ya share, ya kira ni da mushe, wato malam, yadda 'yan kwaleji suke kirana. "Mushe, tunkiya ba ta san boko ba. Baɗi na saya mata wani."

Baɗin ba ta zo ba har yau. Babur dai ya zo, waya ma ta zo. Ragunan gari suka yi ta shiga garke, tsofaffin tumakin Inna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta faɗi da damina. Wallahi har gobe in na ga babur ɗin nan zuciyata tafasa take.

Bana jikar nan mai ɗaya bisa takwas ta haihu, Ajuma ta aika aka kira ni. Wata 'yar mitsitsiya ce, da baƙi a wuya, kunne kamar ganyen magarya. Ta ɗora ta a cinya tana shafawa.

"Salman, wannan nawa ce a lissafinka?"

"Yaya, ɗaya bisa sha shida."

Ta juya ta, ta duba kai, ta duba wutsiya, ta ja kunnen ya ƙi miƙewa. Ta ce, "To nuna mini ɗayan. Ina na Innar yake?"