Sallamar da Ban Ji Ba

Bunsuruna maigida ya bayar ya karɓo abin toshe kunne, kuma har yau ban ce na yafe masa bunsurun ba. Ranar da na fara ɗora abin nan a kaina kuwa, ko an wanke mani ƙwaƙwalwa da sabulu ba zan manta da ita ba.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, muna zaune a Talata Mafara, shi yana gyaran motocin kamfani. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa rakoda, ya ce abin kunnen kuma sai da bunsuru. Hedifon suke ce masa. Wasu faifai ne guda biyu baƙaƙe masu soso, an haɗa su da baka ta saman kai, da doguwar waya da ake sokawa jikin rakodar. Na ce masa, "Maigida, ka ba da abin da ake yankawa ka karɓo abin da ke mai da mutum kurma?" Ya ce, "Ke dai ba ki ji ba ne." Na ce ba ni ji, ba ni kuma son ji.

A lokacin ina da damuwar da ta fi bunsuru. Babana malami ne, yana zaune wajen Faru tun da ruwa ya ci gonakinmu. Ranar da masu awon ƙasa suka zo da takardunsu na boko, duk karatun gidanmu, dangwala yatsa muka yi kamar makafi. Abin ya tsaya mani a wuya, na shiga ajin yaƙi da jahilci da 'ya'yana huɗu a duniya. Baba ya aiko cewa muddin ina zuwa boko, ƙafarsa ba za ta taka ƙofar gidana ba. In na je gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, ya mai da ido ga littafinsa. Damina biyu muna haka. Ni ban daina zuwa aji ba, ban kuma daina sauraren ranar da zan ji muryarsa a zaure ba.

Wata Talata, kasuwa na ci, maigida ya tafi aiki, yara suna makaranta. Na gama daka, na shiga ɗaki, na ga abin a rataye. Na ce bari in ji abin da aka sayar mani da bunsuru a kansa.

Gaskiya ɗaya ce, ko a kan maƙiyi. Abin nan laushi gare shi. Fatar da aka naɗe soson da ita ta kwanta a kunnena kamar tafin hannun jariri, bai matse ni ba, bai tura mani ɗankunne cikin nama ba. Na danna rakodar. Sai kalangu ya tashi a tsakiyar kaina. Kaset ɗin nan na sha jin shi a fili, amma ban taɓa sanin makaɗin yana jan numfashi kafin ya ɗauki baiti ba, ban san wani cikin 'yan amshi ya yi tari ba. Can bayan kiɗan zakara ya yi cara, har na waiwaya ina neman shi a ɗakina. Na zauna bakin gado, na fara bin amshi. Ashe wanda ba ya jin muryarsa ɗaga ta yake yi. Waƙar kuma ta habaici ce, irin wadda ake yi wa wanda ya yi fushi ya gaji ya dawo da ƙafarsa.

Sai da kaset ya ƙare na cire. Na fito tsakar gida, na tarar da tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita tsaye, hannu a haɓa.

"Ke ɗiyar nan, mi Malam ya yi maki da zafi haka?"

Na ce, "Wane Malam, Goggo?"

"Ubanki. Yaz zo motar kasuwa. Sallama ukku ya yi cikin zauren ga, tun daga bakin rijiya ina jiyo shi, ke kuwa kina ciki kina rera waƙa. Na ce bari in kira maka ita, yac ce a'a, tana ciki, ta ji, ga amsarta nan ina ji."

Na zauna a kan turmi. Mutum irin Baba ba ya wuce zauren surukinsa, ba ya kuma ƙara sallama ta huɗu. Haka ya koya mana: uku ce, in an yi shiru ka juya, masu gida ba su son ganinka. Goggo ta ce har da wani tsohon allo a hammatarsa, mai tsagewa a kusurwa. Allona ne na ƙuruciya, ni na tsaga shi da faɗa. Ya ajiye shi shekara da shekaru, ya ɗauko shi ya kawo mani, na tare shi da habaici.

Na ruga tasha ba ko mayafin kirki. Motar ta tashi.

Da maigida ya dawo ya ce a aika wani dattijo ya ba da haƙuri. Na ce a ce masa me? Ina cikin gida, lafiyata lau, ban ji sallamar da aka jiyo daga rijiya ba? Ko ni aka gaya wa haka sai in ce ƙarya ce.

Da gari ya waye na naɗe rakodar a zane, na sa sabon batir, na ɗauki kaset ɗin karatun Alƙur'ani na maigida, na rataya abin a wuya. Ya ce, "Ina za ki da kayana?" Na ce, "Shi ya ɓata, shi zai gyara."

Na sami Baba a zaurensa. Na yi sallama, ya amsa, don shi ba ya barin sallama ta faɗi ƙasa, amma bai ɗago ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ban zo da magana ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka bari in ɗora maka wannan." Ya dube shi kamar an kawo masa kunama. Ya daɗe, sannan ya gyara rawaninsa ya miƙo kai. Na ɗora masa, na danna, na koma bayansa. Na yi sallama sau uku da ƙarfin da ya watsa kajin gidan, har mata suka leƙo. Bai motsa ba. Leɓensa kawai ke bin karatu.

Na zagayo na cire masa. Na ce, "Baba, sallama uku na yi."

Ya dubi abin, ya dube ni. Ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo allona ya tura mani gabana.

"Wanga abu fitina ne," in ji shi. "Mai da mani shi, mai karatun bai kai ƙarshen surar ba."

Abin yana nan har yau, fatar ta ɓare amma sautin bai canja ba. Ina sawa, sai dai kunne ɗaya nake rufewa. In kuma na yi sallama a ƙofar wani aka yi shiru, nakan juya kamar yadda aka koya mani, amma ba na tafiya da fushi sai na san abin da ke kunnen mai gidan.