Alhaji Mumuni da Waƙoƙin da Ba Ya Ji

Ina sanar da jama'ar zango, cikin alhini, cewa na rasa muƙamina na mai zaɓen waƙoƙin Turanci a motar Alhaji Mumuni. Ba korata aka yi ba. Mai motar ne ya rasu. Ina cikin trotro, motar haya, a hanyar Atonsu ɗansa Malam Sadik ya kira ni, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Alhaji mai sayar da kayan mota ne a Suame, maƙwabcina kuma a Asawase, nan Kumasi. Mutum ne mai jama'a, mai kai marasa lafiya asibiti ba tare da ya tambayi ɗan wane ba. Turancinsa kuwa bai wuce na ciniki ba. Amma da ya tayar da mota, sai waƙar Turawa. Ni da nake koyar da harshen a makaranta, ni ya ɗora wa aikin zubo masa su a memori.

Zaɓen ba wasa ba ne. Sai mun fita gwaji. Idan kiɗan ya yi zafi ya ce, "Ticha, cire wannan, ƙafata tana bin ta." Idan ya yi sanyi ya ce, "Wannan ta masu jinya ce, so kake in yi barci a sitiyari?" Akwai ta cunkoso, akwai ta hawan tudu, akwai wadda ba a sawa sai an bar gari. Har yau ban gane ma'aunin ba. Waƙa biyu da kunnena bai bambance su ba, ya karɓi ɗaya ya kori ɗaya kamar ta zage shi.

Na taɓa tsokanarsa, na ce dattijo kamarsa ai karatun Alƙur'ani ya kamata ya sa. Ya kalle ni kamar ni ne jahilin. "A titin Kumasi? Ka ji abin da nake gaya wa direbobin trotro kuwa? In sa maganar Allah ina zagi a kanta?" Na ce to, waƙar Hausa fa? Ya ce, "Ita ina jin ta. In bi magana in bar hanya. Waɗannan ba na jin su, su ma ba sa jina. Zaman lafiya."

Sau ɗaya na fassara masa wata, don nuna ilimi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka kashe mini ita," ya sa na goge.

Bayan addu'ar uku Malam Sadik ya ja ni gefe. Mai wa'azi ne, yaron kirki, idonsa ya yi ja. Memorin yana tafin hannunsa.

"Kawu, kai ka zuba su. Me suke cewa? Idan batsa ce, in ƙona, kada ta bi shi kabari."

Yawancinsu wani ne yana roƙon wata kada ta tafi. Biyu ko uku kuwa ba zan maimaita su a gaban ɗan da na ga ranar sunansa ba. In faɗi gaskiya, in ɓata masa uba. In yi ƙarya, a gidan makoki. Kuma shin a lahira ana tambayar mutum abin da kunnensa ya ji amma bai fahimta ba, ko wanda ya fahimta ya zuba masa ake tambaya? Wannan tambayar ta fi damuna, don ta fi kusa da ni.

Muna tsaye sai Hajiya Adiza, matar marigayin, ta aiko a kira mu, a zo da abin. Na shiga ina ta shirya fassara mai tsabta a zuciyata.

"Ticha," ta ce daga bayan labule, "wacce yake sawa idan ya shigo layinmu? Ina girki nake jin ta, in san ya iso."

Na san ta. Ɗaya ce daga cikin ukun nan. Na fara cewa, "Hajiya, ma'anarta dai..."

"Wa ya tambaye ka ma'ana? Sadik, sa mini ita a wayata. Sauran ka yi yadda ka ga dama."

Malam Sadik ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya karɓi wayar uwarsa ya fita, ya daɗe bai dawo ba, amma ya dawo da waƙar a ciki. Na ɗauka fassara ce iyalin nan suke bukata daga gare ni. Na yi kuskure.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mumuni, Ya yafe masa abin da ya ji da abin da ya faɗa a kan titi, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Hajiya haƙuri, Ya dafa wa Sadik da ƙannensa, Ya sa mu cika da imani. Amin.