Batir a Kan Gammo

Duk wanda ya san Koki ya san Hajiya Husaina mai huluna, ya kuma san farar motarta da ke kwana a bakin titi kusa da masallaci, don lungun gidansu ko baro da kyar yake shiga. Sana'arta tun tana da jan ƙafa ita ce ta sayo zare da yadi a Ƙofar Wambai, ta rarraba wa matan da ke ɗinkin hula a cikin gidaje, daga Koki har Dukawuya, in sun gama ta bi ta karɓo ta kai wa 'yan kasuwa. Da a ƙafa take yi. Tuƙi sai da ta haura hamsin ta koya, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigidanta, motarsa ta zama wurin kwanan kaji. Izininsa kaɗai ta nema. Da ya rasu aka zo rabon gado, ta ce a saka mata motar a cikin tumuninta, a riƙe sauran tarkacen.

Motar ta tsufa, ita ma haka. Da zafi ba su da matsala da juna. Amma da sanyi ya shigo bana sai motar ta soma nawa. A murɗa makulli ta yi ta gurnani kamar mai ciwon haƙori kafin ta kama. Daga baya ta daina kamawa sai da turi. Masu turin ba a nemansu. Dattawan da ke zama a masallaci har rana ta fito su ne, jagoransu Malam Isiyaku ladan, ƙanin marigayi.

"Matarmu, yau ma amaryar taki ta ƙi tashi?"

"Halin gidanku ta ɗauko, Malam. Ku ma sai an tura ku."

Su naɗe hannun riga su tura, ta saki kuloci, mota ta yi tari ta kama, ta ɗaga musu hannu ta wuce. Babu wanda ya ga aibu a ciki, sai da wani ya ɗauka a waya. Abin ya yi yawo har ya kai ga Salisu, ɗanta na uku, ma'aikacin ofis. Ya zo ya tsuguna ya gaishe ta, bai ma taɓa abincin da aka ajiye masa ba.

"Hajiya, har da liman fa a bayan motarki, rawaninsa yana warwarewa. A ofis aka nuna mini."

"Ya ce maka ya gaji?"

"Ba maganar gajiya ba ce. Mun zauna da su Yaya. Don Allah in aka sake tura motar nan, ki ba ni makullin in sa ta a kasuwa. Ki zauna ki huta, mun isa mu riƙe ki."

Ta san irin wannan hutun. Ta ga yadda ya yi da sa'o'inta: tabarma, carbi, rediyo, sai jiran wanda zai leƙo. Ta dube shi ta ce, "Na ji. Ranar da aka sake tura ta, zo ka ɗauka. Ba na magana biyu."

Bakanike ya riga ya gaya mata batir ne ya yi rauni, sanyi kuma yana ƙara kashe masa jiki. Ita kuwa a tarbiyyarta ba a yar da abin da yake da sauran numfashi, kuma abin da sanyi ya kama ɗumi yake so. Sai ta ɗauko sifanar marigayi. Kullum kafin magariba ta buɗe bonet, ta kwance kan batir, ta saka shi a roba ta shiga da shi ɗaki, ta lulluɓe shi da bargon maigidan, nesa kaɗan da kaskon wuta. Da safe ta mayar. Matan gidan suka yi ta dariya, wai Hajiya ta yi sabon jinjiri. Ta bar su da dariyarsu, don dabarar ta yi aiki. Mota tana tashi, ko da da nishi.

Wata safiya ta yaye bargon, sai ya biyo hannunta a yage. Ruwan batir ya cinye shi, huji ko'ina. Ta ɗaga shi ta duba, ta ce mai shi ya daina jin sanyi tuntuni, ta jefa shi bayan ƙofa. Ta kai batir ta ɗaura, ta murɗa makulli. Ƙas. Ta sake. Ƙas, ƙas. Ko gurnanin babu.

Dattawa suka taso suna naɗe hannun riga. Salisu ma ga shi a kan babur, don tun ranar da suka yi maganar ya mai da hanyar ofis ta ƙofar masallacin.

"Kada wanda ya taɓa mini mota!" in ji ta.

Malam Isiyaku ya matso ya rage murya. "Haba matarmu, turi ɗaya ne. Ni zan yi wa yaron nan magana."

"Malam, in ka ɗora hannu a kanta, kai ka sayar da ita."

Ya ja da baya. Ta ƙulle makullin a bakin mayafinta, ta sake kwance batirin. Ta naɗe ɗankwalin ajiya ta yi gammo, ta jingina batir a gefen mota, ta rusuna ta cicciɓe shi zuwa ka, yadda take ɗaukar tulu tana yarinya. Salisu ya diro daga babur.

"Hajiya, don girman Allah kawo in ɗauka. Mutane na kallo."

"Su kalla. A ɗauka a waya ma, a kai maka ofis."

Ta miƙe titi wuyanta na rawa, ba ta waiwaya ba, har ta tare adaidaita. A shagon masu batir aka gwada shi aka ce ya mutu murus, ko caji ba zai riƙe ba. Ba ta yi musu ba. Ta bar musu gawar, ta cika abin da ya rage daga jarinta, ta ce a ba ta sabo daidai girman wancan, a buɗe kwalin a gabanta.

Da ta dawo hantsi ya yi, amma ba wanda ya watse, har Salisu. Mai adaidaita ya sauke mata sabon batirin a gaban mota. Ta goge kawunan waya da tsumma, ta ɗaura jan, ta ɗaura baƙin, ta matse da sifana har sai da jijiyar hannunta ta tashi. Ta shiga ta yi bismilla ta murɗa sau ɗaya. Mota ta kama da ƙarar da ta kori awakin da ke kwance a gindin bango.

Malam Isiyaku ya tafa hannu. "Shi ke nan, kin raba mu da motsa jiki."

"Ku riƙa share masallaci."

Ta sauke gilashi ta dubi ɗanta. "Salisu, an tura?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba a tura ba, Hajiya."

"To janye babur ɗinka, zan juya. Mata na jiran zare a Dukawuya."