Baƙin allo mai tambayar sunan miji

Jikata ta wajen ɗana, wadda ke karatu a babbar lakwal a nan Damagaram, ta shigo mini unguwar Birni da ordinatarta, kwamfutar nan, a hammata. Wai ita ta koya wa abin yin tambaya, mushensu mai koya musu ya ce ta je garin Zermu ta gwada shi a kan mata masu noman gyaɗa. In bai yi aiki ba, shekararta ta faɗi.

"Kaka, da ke zan fara."

Ta buɗe. Allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wani ɗan farin tsinke na ƙyafta ido a gefe. Ba sallama, ba ina kwana. Ta karanta mini: sunanki? Na faɗa, ta buga, ta danna. Sai ga wata: sunan miji?

Na kalle ta. Mutumin da na haifa wa ƴaƴa, na yi wa takaba, ban taɓa kama sunansa ba, yau kwalin ƙarfe zai sa ni?

"Wuce wannan."

Ta danna ba ta rubuta komai ba. Tambayar ta dawo. Ta sake, ta dawo. Ashe ita ta ɗaure shi haka, in ba a ba shi amsa ba, ba ya gusawa. Naci kamar ƙudan rani.

"Haba Kaka, suna ne fa kawai!"

"A bakinki, marar ta ido."

Na ce ta kwance masa wannan ɗaurin. Ta ce zamani ya wuce nan, ta tafi Zermu abinta.

Ta dawo fuska a murtuke. Wai a can ma kowace mace sai ta rufe baki da gefen zane ta ce "Malam", ko "mai gidan". Abin kuwa duk abin da aka zuba masa haɗiyewa yake, ya tattara matan gari ya aura wa Malam ɗaya.

Na yi dariya har da tari, sannan na ce, "Koma ki zaunar da su bibbiyu. Kowace ta faɗi sunan mijin maƙwabciyarta."

Haka ta yi, shekararta ta tsira. Ta zo tana ta yabon abin, wai bai ɓata suna ko ɗaya ba. Na ce to madalla, yanzu ya koyi gaisuwa?

Ta ce wannan ba ya cikin jarrabawa.