Zuwan Inna GRA

Bayan rasuwar mahaifina, na ɗauko Inna daga Gadaka na kawo ta gidan da nake haya a GRA ta Potiskum. Na ba ta ɗaki mai banɗaki a ciki, da fanka da sabuwar katifa. A ganina na gama mata komai.

Kwana uku da zuwanta ta karɓi girki daga hannun matata. Ta tuƙa tuwon dawa tukunya guda, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba a kwanuka uku ta ce in kai wa maƙwabta.

Na ce, "Inna, nan ba a yin haka."

Ta ce, "Ba sa cin abinci ne?"

Sai na ɗauka. A gidan farko wani tsohon maigadi ya leƙo ya ce Alhaji yana Abuja da iyalinsa. Sauran biyun na yi ta buga ƙofa, ba wanda ya buɗe. Na koma na bar wa maigadin duka, na dawo na ce mata sun gode. Sati guda tana share tsakar gida tun da safe, tana jiran su shigo yi mata sannu da zuwa.

Don in ɗebe mata kewa na kai ta babban kantin unguwar. Ta ɗauki busasshiyar kuɓewa a ɗaure cikin leda, ta juya ta, ta tambayi matar da ke karɓar kuɗi daga wane gari aka kawo. Matar ta ce ba ta sani ba, farashi dai yana jiki. Inna ta mayar da ita inda ta ɗauka. Muka koma gida.

Daga nan ta soma shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa da la'asar. Motoci na wucewa gilasai a rufe, tana ɗaga musu hannu.

Wata rana na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ko in mayar da ke Gadaka?"

Tana murza carbinta ta ce, "Wurin wa?"

Ɗakinta na can ya rushe a daminar da ta wuce, tsararrakinta kuma sun ƙare. Ba ni da wani wurin da zan kai ta. Shekara biyu ta yi a gidan nan. Kullum da safe takan ce mini a dawo lafiya, ni kuma in ja ƙofa in tafi aiki.